Ɗaki Ya Yi Sanyi Amma Kaya Na Fumfuna: Matsalar Laima a Fasahar Sanyaya Ɗaki da Ƙasa

A farkon bazarar bana wani yayana da ke Kuki, a ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, ya sa aka haƙa masa dogon rami a bayan gida, aka binne bututun roba, baki ɗaya a waje, ɗayan a cikin ɗaki, aka haɗa da ƙaramar fanka mai aiki da sola. Iska za ta shiga da zafinta, ta ratsa ƙarƙashin ƙasa, ta fito ta huce. A watan Afrilu abin ya yi aiki har maƙwabta na zuwa kallo. Da Agusta ta kama sai ya kira ni: katifa na wari, takalman fata sun yi fumfuna, wayarsa kuma tana ƙin caji tana nuna akwai danshi a ramin caja. Shawarar da ya yanke ita ce ya ƙara bututu. Na ce masa, Yaya, dakata mu auna kafin ka sake kashe kuɗi.

Yadda fasahar ke aiki

Ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta kuma saurin sakinsa. Idan ka nutsa mita uku zuwa huɗu, zafin wurin kusan a tsaye yake duk shekara, yana kusa da matsakaicin zafin yankin. A ƙasashe irin su Suwidin da Amurka ana binne bututu mai ruwa a haɗa shi da injin mai kwamfiresa, ya ɗumama gida lokacin sanyi, ya sanyaya lokacin zafi. Irin na yayana shi ne mafi sauƙi, bututu da fanka kawai. Sai dai a yankinmu matsakaicin zafin shekara ya haura digiri 25, don haka ƙasarmu ba ta da sanyin ta Turai. Tana rage zafin iska ne, ba ta mayar da ita kamar ta firij.

Daga ina laimar ta fito?

Iska mai zafi ta fi mai sanyi iya riƙe tururin ruwa. A digiri 30, iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare tana iya riƙe kusan giram 30 na ruwa. A digiri 20 kuwa kusan giram 17 ne iyakarta. Lambar laima da kake gani a manhajar hasashen yanayi tana nufin kashi nawa cikin 100 na wannan iyaka iskar ta riga ta ɗauka.

Ga lissafi. A bazara, iska mai digiri 40 da laima kashi 15, idan bututu ya sauke ta zuwa digiri 30, laimar za ta koma kusan kashi 26. Babu damuwa. A damina kuwa, iska mai digiri 32 da laima kashi 60, idan ta sauka zuwa digiri 27, laimar za ta tashi zuwa kusan kashi 80. Ba a ƙara ko ɗigon ruwa ba, mazubin ne ya ƙanƙance. Kafin ruwan wannan iskar ya fita ya zama raɓa, sai an sanyaya ta ƙasa da digiri 23, kuma ƙasarmu ba ta kai wannan sanyin. Ke nan ƙarin bututu zai ƙara sanyi kaɗan, ya kuma ƙara laima.

Hukumar kare muhalli ta Amurka na ba da shawarar laimar ɗaki kada ta kai kashi 60, an fi so ta tsaya tsakanin 30 da 50. Idan ta daɗe a sama da haka fumfuna na samun wurin zama, mai asma na shan wahala, ƙarafan cikin waya da kwamfuta kuma na fara tsatsa.

Ko masu injin kwamfiresa ba su tsira ba. Injin na cire ruwa ne lokacin da iska ke bi ta kan ƙarfensa mai sanyi sosai. Idan ya yi wa ɗakin girma, cikin 'yan mintuna zai sauke zafi ya kashe kansa tun bai tatse ruwan ba. Haka ma Esi na gida yake yi. Fanka mai ruwa kuwa ƙara wa iska tururi take yi, dabara ɗaya da randa da kuma tukunya-cikin-tukunya ta Mohammed Bah Abba, wadda ta ci kyautar Rolex a 2000. Duk sun fi amfani a busasshiyar iskar bazara.

Wayarka ba za ta gaya maka ba

Galaxy S4 ta 2013 ta zo da na'urar auna laima a jikinta, amma yawancin wayoyin yanzu ba su da ita. Lambar da manhaja ke nunawa ta waje ce, ba ta ɗakinka ba. Ni na haɗa DHT22 da allon ESP32, na rubuta ɗan shiri da ke turo lambobi zuwa waya, na sa ɗaya a bakin bututu na waje, ɗaya a ɗaki. Idan ba ka iya haɗa wannan ba, ƙaramin agogon bango mai nuna zafi da laima ya wadatar.

Awon ya nuna abin da lissafi ya faɗa, har da ƙari. Da muka leƙa bututun da tocila sai ga ruwa kwance a tsakiya: an binne shi ba gangara, mahaɗa ɗaya kuma ba ta kamu da kyau ba, ruwan sama na tsatsowa.

Abin da za ka yi

Idan za ka binne bututu, a ba shi gangara zuwa wani ƙaramin rami da za a iya kwashe ruwa, a liƙe mahaɗai da gam, a ɗaga bakinsa na waje sama da ƙasa, a sa masa murfi da raga saboda sauro da ɓeraye.

A damina, rage gudun fankar ko ka kashe ta ka toshe bakin bututun. Fankar sama ta fi amfani a lokacin.

Mai Esi ya zaɓi alamar ɗigon ruwa a rimot, kuma kada ya bar fankar injin tana juyawa bayan kwamfiresa ya tsaya, domin tana mayar da ruwan cikin ɗaki.

Kada a shanya wanki a ɗaki. A janye katifa daga bango. Waya da kwamfuta a ajiye su a jaka tare da ƙananan ƙunshin tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi.

Yayana ya fasa sayen ƙarin bututu. Mun toshe bakin na yanzu har damina ta wuce, sannan a tono mahaɗar a gyara kafin zafin Maris.