Allurar Sin mai lantarki da ciwon da ya ƙi tafiya

Manomin shinkafa a filayen ban-ruwa na Bakolori, da matar da ke sussuka da daka a Bakura, da ɗan dako a kasuwar Talata Mafara, duk sun san ciwon baya da na gwiwa mai wuce wata uku bai sake su ba. Da yawa sun koma wa tramol. Binciken ƙasa kan shan ƙwayoyi na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 4.6 ne ke shan irin waɗannan ƙwayoyi ba da umarnin likita ba. Shi ya sa duk wanda ya zo da labarin maganin ciwo ba tare da ƙwaya ba yake samun masu saurare. Ɗaya daga cikin irin wannan magani shi ne allurar gargajiyar ƙasar Sin, wadda ake soka siraran allurai a jiki sannan a tura musu ɗan ƙaramin lantarki. Tana da tushe a ilimi, amma amfaninta yana da iyaka.

Daɗaɗɗen ciwo ba a gaɓa kaɗai yake zama ba. Saƙonsa yana bi ta laka zuwa ƙwaƙwalwa, kuma sassan da ke karɓarsa suna haɗe da waɗanda ke kula da tsoro da fargaba. Don haka mai ciwo yakan rasa barci, ya shiga tunanin noman bana da abincin yara, damuwar kuma ta ƙara wa ciwon kaifi. Jiki yana da nasa sinadaran kashe zafi masu aiki kamar mofin. Farfesa Han Jisheng na birnin Beijing ya nuna cewa bugun lantarki sau 2 a daƙiƙa yana sa jiki ya saki wasu daga cikinsu, sau 100 kuma ya saki wani daban. A 1976 da 1977 masu bincike a Kanada da Amurka sun gano cewa maganin da ke toshe aikin mofin yana rage sauƙin da allurar ke bayarwa. Ta nan aka gane cewa aikin yana bi ta jijiyoyi da ƙwaƙwalwa.

Mai shakka zai ce imani ne kawai ke aiki. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. A wani babban gwaji a Jamus da aka buga a 2007, masu ciwon baya da aka yi wa allurar gaske da waɗanda aka yi wa ta bogi sun samu sauƙi kusan daidai, duk sun fi masu maganin da aka saba. Sai dai a 2018 an tattara bayanan majinyata sama da 20,000, aka ga ta gaske ta fi ta bogi, ko da yake ratar ƙarama ce. Batun cewa allurar tana rage fargaba kuwa, yawancin bayanin yadda yake faruwa a ƙwaƙwalwa daga gwajin ɓeraye ya fito. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 ta saka allurar cikin hanyoyin da za a iya gwadawa ga daɗaɗɗen ciwon baya, tare da motsa jiki. Sassauci take bayarwa, ba ta tumɓuke cuta.

Wani zai ce ai muna da wanzamai da ƙaho, me zai hana kowa ya koya? Haɗarin yana nan. Allurar da aka soka wa wani aka maimaita tana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau. Mai na'urar daidaita bugun zuciya kada ya yarda a sa masa lantarki, mai ciki da mai farfaɗiya kuma su fara jin ta bakin likita. Ciwon baya yana iya zama tarin fuka na ƙashi, ciwon ƙoda, ko sikila. A jihar da ta ga annobar gubar dalma a 2010, ciwon gaɓoɓin mai haƙar zinariya yana buƙatar gwajin jini. Rufe irin wannan ciwo da allura tamkar liƙe tsagar bango ne alhali harsashi yana zaizayewa.

Saboda haka, mutumin Maradun ko Mafara da ciwo ya daɗe a jikinsa ya fara zuwa babban asibiti, ko a tura shi Gusau ko Sakkwato, a san musabbabin. In an tabbatar babu wata cuta a ɓoye, yana iya gwada allurar a hannun mai takardar shaida, wanda zai buɗe sababbin allurai a gabansa. Wanda kuwa ya ce na'urarsa tana warkar da hawan jini, ciwon suga da rashin haihuwa a zama ɗaya, kuɗinka yake nema.