Gargaɗi ga Jama'ar Kagarko: Kwamfutar da Ke Mutuwa da Zarar Ta Hau Intanet

Jama'ar Kagarko, Jere, Kubacha, Katugal da kewaye, har zuwa Kwoi da Kafanchan, don Allah a saurara. Duk wanda ke da kwamfuta a gida ko a shago, wadda ke aiki lafiya lau in ana buga takarda ko kallon fim, amma da zarar an haɗa ta da intanet sai ta daskare, ko ta kashe kanta, ko fuskarta ta koma shuɗiya ta sake tashi, to ya daina haɗa ta daga yau. Kada ya shiga asusun banki da ita. Kada ya rubuta lambar BVN ko NIN ta kowa a kanta. Kada ya yi wa ɗan kowa rajistar jarabawa da ita, har sai an gano abin da ke damun ta.

Abin da aka saba faɗa shi ne, “Ai sabis ne babu kyau.” Wannan magana ta cuci mutane da yawa. Rashin sabis yana hana shafi buɗewa, yana sa bidiyo ya riƙa tsayawa, amma ba ya kashe kwamfuta. In na'ura ta mutu a daidai lokacin da ta samu intanet, akwai wani abu a cikinta da shigowar intanet ɗin ke tayarwa, kuma duk sake haɗawar da aka yi don a gwada sa'a tana iya zama ƙarin dama ga ɓarawo, ko ƙarin lahani ga ma'ajiyar da ke riƙe da takardunku.

Dalilin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne, ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 facin tsaron da ya saba aikawa kowane wata. Windows 7 kuwa tun 14 ga Janairu 2020 aka sallame ta, Windows 8.1 a Janairun 2023, XP tun Afrilun 2014. Mu kuma a nan yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, 'yan kwatano, waɗanda aka sayo a Banex ta Abuja ko a Kaduna ko a kasuwar kwamfuta ta Ikeja bayan sun gama yi wa wani ofis a Turai hidima. Da yawansu ba za su ɗauki Windows 11 ba, domin tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da ƙwaƙwalwa sabuwa-sabuwa. Halin da irin wannan kwamfuta ke ciki tamkar na ɗakin ajiyar citta ne da kwaɗonsa ya lalace, maƙerin ya ce ya daina gyara irinsa, ɓarayin gari kuma duk sun ji labari.

Duniya ta sha ganin wannan alama. A watan Agustan 2003 wani bairos mai suna Blaster ya bazu a kwamfutocin Windows XP da Windows 2000. Ba sai mutum ya buɗe wasiƙa ko ya sauke wani abu ba, haɗuwa da intanet kaɗai ta isa. Sai sanarwa ta fito cewa na'urar za ta mutu cikin daƙiƙa 60, ta mutu, ta tashi, a sake haɗawa, ta sake mutuwa. Abin takaicin, Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan ɓaraka tun watan Yuli, waɗanda ba su saka ba su ne suka sha wuya. A ƙarshen Afrilun 2004 Sasser ya zo da irin wannan ɗabi'a, kuma wani matashi ɗan makaranta a Jamus ne ya rubuta shi. Ranar 12 ga Mayu 2017 WannaCry ya afka wa kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ya kulle takardun mutane yana neman dala 300 kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa ɗage aikin tiyata. Mafi yawan waɗanda ya kama Windows 7 ne a kansu, kuma facinsa ya fito tun watan Maris. Abin da ya fi shafar maganarmu shi ne, tsofaffin na'urori masu XP da yawa ba su kai ga kullewa ba, faɗuwa suke yi da shuɗin allo yayin da yake ƙoƙarin kutsawa. Haka aka sake gani a Nuwamban 2019 da ɓarakar da ake kira BlueKeep: masu kutse na neman dasa manhajar haƙar kuɗin kirifto, na'urorin na faɗuwa. Wato faɗuwar kanta tana iya zama shaidar cewa wani yana taɓa ƙofa.

A yankinmu, inda aka fi hawa intanet ta layin waya, ɓarawon ya fi shigowa ta hannunmu. Yana shigowa ta filashar da ta zaga shagunan buga takardu, wadda ake buɗewa a tarar fayiloli sun ɓace sai gumaka masu 'yar kibiya. Yana shigowa ta Windows da Office na sata da ake ɗora wa mutum lokacin saye, da 'yar manhajar “kunnawa” irin KMSPico. A Disamban 2021 masu binciken tsaro na kamfanin Red Canary sun nuna yadda ake cusa wani ɓarawon bayanai mai suna CryptBot a cikin jabun KMSPico, yana kwashe kalmomin sirrin da aka adana a burauza. Irin waɗannan suna kwanciya shiru muddin babu intanet. Da sun ji an haɗa, sai su farka su nemi ubangidansu, su aika masa abin da suka tara, su sauko da 'yan'uwansu, wani kuma ya sa ƙwaƙwalwar na'urar haƙar kuɗi ba ji ba gani. Fanka ta hau kuka, ƙasan laftof ya yi zafin da ba ya taɓuwa, data ta ƙare ba a san inda ta tafi ba, daga nan sai mutuwa. In kuma shago ne mai kwamfuta biyar a kan rauta ɗaya, wadda ta kamu tana iya shafa wa sauran huɗun.

Ba kowace faɗuwa ce ta ɓarawo ba, kuma dole a faɗi wannan don kada a yi asarar banza. Wani lokaci direban katin Wi-Fi ne ko na modem ya tsufa, ko aka saka wanda ba nasa ba. Wani lokaci maganin bairos biyu ko uku aka jibga a na'ura ɗaya, kowanne na son ya tsaya a bakin ƙofar intanet, rigimarsu ta kayar da Windows. Ko manyan kamfanoni ba su tsira daga wannan ba: ranar 19 ga Yuli 2024 sabuntawa ɗaya mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta kayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, jiragen sama suka kasa tashi. Wani lokaci kuma kwamfutar ta yi watanni ba ta ga intanet ba, da ta samu sai ta hau sauke duk sabuntawar da ta rasa a lokaci guda, aikin ya fi ƙarfinta.

A nan ne ƙasarmu ke saka nata hannun. Gidauniyar Fantsuam da ke Bayan Loko a Kafanchan, wadda ta daɗe tana koyar da kwamfuta da tsofaffin na'urorin da aka gyara, ta kuma kafa intanet ɗin karkara na Zittnet, tun shekarun 2000 ta gane cewa zafi da ƙura da wuta marar tabbas su ne ke cin na'ura a wannan yanki, har ta shiga aikin ƙera wata kwamfuta mai suna Solo da za ta jure su. Abubuwan nan uku suna nan ba su je ko'ina ba. Ƙurar hunturu tana toshe hanyar iska, zafin bazara ya ƙarasa. Laftof mai mataccen batir da cajar da ba tata ba, a kan ƙaramin janareto, a ƙara mata modem da ke jan wuta ta jikinta, tana iya ɗauke numfashi nan take ba tare da ko shuɗin allo ba. Araha ba ta ado, caja ta jabu ta kashe kwamfutoci masu tsada.

Abin yi na farko, ku kashe Wi-Fi, ku zare modem ko wayar haɗi. Sannan, kafin komai, ku kwashe takardunku da hotunanku zuwa filasha ko faifan ajiya na waje. Takardu da hotuna kawai, ban da manhajoji, kuma kada a soka wannan filasha a wata na'ura sai an bincike ta. Daga nan ku ɗauki wayarku, ba kwamfutar ba, ku canza kalmar sirrin imel, da ta Facebook, da ta banki. Ku shiga WhatsApp wajen na'urorin da aka haɗa, ku fitar da duk wadda ba ku gane ba. In kun taɓa shiga banki da kwamfutar kuma kuka ga motsin kuɗin da ba naku ba, ku kira lambar da ke bayan katinku ko ku je reshe a ranar, kada a bari sai gobe.

Bayan haka a koma ga gano ciwon. In shuɗin allo ne (a sabbin Windows 11 baƙi ne), ku ɗauki hotonsa da waya kafin ya ɓace. A ƙasa akwai sunan kuskuren, wani lokaci da sunan fayil. In kuka ga ndis.sys, tcpip.sys, netio.sys ko suna mai farawa da Netwtw, maganar ta ɓangaren haɗin intanet ce, direba ko maganin bairos. Ku danna maɓallin Windows tare da R, ku rubuta winver, ku san wace Windows kuke da ita. Ku buɗe Windows Security ku zaɓi binciken Microsoft Defender da ake yi ba tare da intanet ba, wanda ke sake tayar da na'urar ya bincike ta kafin bairos ya farka. In maganin bairos ya fi ɗaya, a cire sauran a bar guda.

Sai gwaji ɗaya tak, bayan an kwashe kaya an yi bincike. In da Wi-Fi take mutuwa, ku haɗa ta da wayarku ta igiyar caji ku raba mata data. In ta zauna lafiya, laifin na katin Wi-Fi ne ko direbansa, kuma gyaransa mai sauƙi ne: a sauko da direba daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, HP ko Dell ko Lenovo, da lambar samfurinta. In ta kowace hanya mutuwa take yi, ku danna Ctrl da Shift da Esc tare da zarar ta haɗu, ku ga wace manhaja ce ke cinye ƙarfinta. Suna baƙo da ya riƙe kusan kashi 100 alhali ba ku buɗe komai ba abin tuhuma ne. A nan ku tsaya, ku kai wa mai gyara.

Akwai kuma shuɗin allo na ƙarya. Ana cikin yawo a shafuka sai fuska ta cika da gargaɗi, har da ƙara, a ce kwamfutarku ta kamu, ku kira wannan lamba. Saƙon kuskure na gaskiya daga Windows ba ya ɗauke da lambar waya. 'Yan damfara ne. Kada ku kira, kada ku saka manhajar da za ta ba wani baƙo damar sarrafa na'urarku daga nesa. Ku danna Alt da F4, in ya ƙi ku kashe na'urar.

A wurin mai gyara, kada ku yarda kalmar farko ta zama “sai an yi fomatin.” Ku ce, “Malam, a fara kwashe min kayana, a buɗe a share fanka, a gwada caja da batir.” Ku nuna masa hoton da kuka ɗauka. In har fomatin ɗin ya zama dole, ku tambayi daga ina Windows ɗin da za a ɗora ta fito, domin in aka mayar da ta sata da manhajar kunnawarta, an mayar da ɓarawon ɗakinsa kuma ku kuka biya kuɗin aikin. Mai Windows 10 sigar 22H2 yana iya shiga shirin ƙarin facin tsaro na Microsoft da ke kaiwa 13 ga Oktoba 2026. Mai Windows 7 ya sani ko Chrome ya tsaya masa a siga ta 109 tun farkon 2023. Irin wannan na'ura a bar ta ga buga takardu, ko a ɗora mata Linux Mint, wadda kyauta ce kuma tana tafiya a tsofaffin kwamfutoci da dama.

Nauyin ya fi yawa a kan masu shagunan intanet da buga takardu, da sakatarorin makarantu, da masu riƙe da kwamfutar masallaci ko ta coci ko ta ƙungiyar manoman citta. Bayanan da ke cikin na'urorinku na jama'a ne: imel ɗin ɗalibi da lambar JAMB ɗinsa, sakamakon WAEC da NECO, hoton katin ɗan ƙasa na tsohuwar da ta zo cike fom, lambobin asusun 'yan adashe. Yaron da aka sace wa imel ɗin da ya yi rajista da shi zai yi ta zirga-zirga zuwa Kaduna a kan laifin da ba nasa ba. In ɗaya daga cikin kwamfutocinku ta fara wannan hali, ku zare ta daga rauta nan take, ku binciki sauran ɗaya bayan ɗaya, ku sanar da waɗanda suka yi aiki a kanta su canza kalmominsu na sirri. In an kulle muku fayiloli ana neman fansa, kada ku biya, ku ɗauki hoton saƙon, ku bar na'urar yadda take, ku kai rahoto ga 'yan sanda ko ga ngCERT, cibiyar gaggawa ta harkar kwamfuta da ke ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro a Abuja.