Amsoshin Takardunku: Shin In Sayar Da Shanuna In Buɗe Shagon Injin 3D?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan tireda a ƙasar Funtuwa. Ya ce ɗansa ya gama sakandare, ya matsa masa lamba a sayar da shanun huɗa biyu a sayi injin nan da ake kira 3D, a buɗe shago a cikin gari. Yana tambaya, wane irin inji ne wannan, kuma harkar za ta riƙe gida?

To Malam, mun gode da takardarka. Injin buga takarda da ka sani, tawada yake zubawa a kan takarda. Shi wannan kuwa abu yake fitarwa mai tsawo da faɗi da kauri, wanda za ka ɗauka da hannu. Ka ga yadda magini ke tayar da rumbu, yana ɗora ƙasa sahu bisa sahu? To haka yake aiki. Ana sa masa zaren roba, ya narkar da shi a zafin da ya kai digiri 200, ya yi ta shimfiɗawa siriri-siriri bisa zanen da aka yi a kwamfuta, har abu ya tashi.

Wani Ba'amurke mai suna Chuck Hull ya samu takardar mallakar wani nau'in wannan fasaha a 1986. Irin mai zaren roba kuwa, Scott Crump ya ƙago shi, kuma sai da wa'adin mallakarsa ya ƙare a 2009 sannan injin ya yi araha. Har ma a birnin Lome na ƙasar Togo wani mutum, Afate Gnikou, ya haɗa nasa da tarkacen tsofaffin kwamfutoci a 2013.

Yanzu sai batun ciniki. Abu na farko, injin nan yana da nawa. Ɗan ƙaramin abu yakan ci awa ɗaya ko biyu, babba kuwa har kwana yake yi. Saboda haka kada yaro ya ce zai yi kofi ko bokiti, domin kamfanonin roba na Sharaɗa a Kano sun fi shi sauri da araha nesa ba kusa ba. Kuɗin yana wurin abin da aka nema a kasuwa aka rasa, alal misali maɓallin fanka da ya karye, ko murfin famfon feshi, ko ɗan haƙorin roba na keken ɗinki. Kafin a kashe ko kwabo, yaron ya ɗauki littafi ya zagaya wurin makanikai da teloli da masu gyaran rediyo, ya rubuta abin da suke rasawa da nawa za su iya biya. In littafin bai cika ba, to shagon ma ba zai cika ba.

Na biyu, injin ba ya zana komai da kansa. Sai an auna abin da ya karye daidai da milimita, an zana shi a kwamfuta. Akwai manhajar koyo ta kyauta a intanet mai suna Tinkercad. Ya fara da ita tukuna, domin wannan iyawar ita ce ainihin jarin.

Na uku, wuta. Bai kai dutsen guga cin wuta ba, amma yana son ta ba yankewa. In aka ɗauke ana tsakiyar aiki, sau da yawa roba da lokaci duk sun tafi. Watau dai sai an sa kuɗin sola da batir cikin lissafi.

Na huɗu, robar. Wadda aka fi amfani da ita sunanta PLA, daga sitacin masara ko rake ake yin ta, kuma tana fara laushi a wajen digiri 60. Ka ga ke nan abin da aka bari cikin mota a ranar bazara zai iya lanƙwashewa. Don aikin zafin rana sai a nemi PETG. Galibi daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. A adana su kada su sha raɓar damina, a kuma rufe injin saboda ƙurar hunturu. Kada kuma a yi kayan birki ko wani abin da ran mutum ya rataya a kansa.

Wajen yanka farashi, a lissafa nauyin roba, da awannin aiki, da ladan zane, da abin da ya lalace.

Shawarata Malam, ka bar shanunka su yi maka huɗa. Yaro ya koyi zane, ya samo masu buƙata, sannan a sayi ƙaramin inji da ribar kaka a ajiye shi a gefen tiredarka, ba sai an kama haya ba. Sannu ba ta hana zuwa. Da fatan ka gamsu. Jama'a, sai wani makon, ku huta lafiya.