Me ya sa kotu ba ta tilasta cika kowane alƙawari?

A shekarar 1809 wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Stilk ya kai ƙarar kyaftin ɗinsa, Myrick, a Ingila. Jirginsu ya tashi daga Landan zuwa tekun Baltik, sai ma'aikata biyu suka gudu. Kyaftin ya nemi wasu bai samu ba, don haka ya yi wa sauran alƙawarin raba musu albashin waɗanda suka gudu idan suka mayar da jirgin gida. Suka mayar, shi kuwa ya hana su kuɗin.

Kotu ta ce Stilk ba shi da haƙƙin ƙarin. Dalili kuwa, tun farko aikinsa ne ya kai jirgin gida ko da an shiga matsala, saboda haka bai ba da wani sabon abu a madadin alƙawarin ba.

Wannan ita ce ƙa'idar musaya a dokar kwangila ta Ingila, wato ba ni gishiri in ba ka manda. Kafin alƙawari ya zama kwangila, dole kowane ɓangare ya ba da wani abu: kuɗi, aiki, kaya, ko barin wani haƙƙinsa. Najeriya ta gaji wannan ƙa'ida tun zamanin mulkin mallaka, kuma manyan kotunanta na aiki da ita.

Sai dai kotu ba ta auna tsadar abin da aka bayar. A 1959 kotun ƙolin Birtaniya ta wancan lokacin ta yanke cewa takardun naɗe cakulan guda uku da kamfanin Nestlé ke karɓa tare da kuɗi kafin ya ba da faifan waƙa suna cikin farashi, duk da cewa zubar da su yake yi.

Aikin da ya riga ya wuce kuma yawanci ba ya shiga lissafi. Idan ka gyara wa maƙwabcinka rufi ba tare da ya nema ba, daga baya ya ce zai biya ka, da wuya kotu ta tilasta masa.

To, wanda aka yi wa alƙawarin kyauta fa? Hanyarsa ita ce lauya ya rubuta alƙawarin a takarda mai hatimi, domin irin wannan takarda tana ɗaure mai alƙawari ko ba a ba shi komai ba.