Dutsen da ke kan tukunyar gas

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na raka ƙanwar mahaifiyata duba wani ɗaki da falo da take son kamawa a Kokomlemle, ba nisa da Circle. Mai gidan ya nuna mana famfo, ya nuna mana mitar wuta, ya yanka kuɗin shekara biyu ko ƙifta ido bai yi ba, alhali dokar haya ta 1963 wata shida kawai ta yarda a karɓa gaba. Wannan faɗan wata rana ne. Ni idona yana kan barandar ɗakin da ke kusa. Tukunyar gas ce mai kilo 14.5 a tsaye, fenti ya koɗe, gindi ya yi tsatsa, an ɗora mata rabin bulo a ka. Taku uku daga nan kurfoti, wato murhun gawayi, na ci, an aza ruwan koko.

Na ce wa matar ɗakin, "Mma, sannu da aiki. Wannan bulon fa?"

Ta ce, "Kan ne yake huci, ɗana. In na danne shi sai ya yi shiru. Shekara guda ke nan, ba abin da ya faru, alhamdu lillahi."

Na gaji da jin wannan amsa. Na ji ta a Nima, na ji ta a Mamobi, na ji ta a New Town. Wani dutse yake ɗorawa, wani taɓarya ko dutsen niƙa, wata kuma da tsumma take ɗaure kan. Har abin ya zama kamar tare ake sayar da tukunyar da dutsenta.

Gas ɗin girki ruwa ne a cikin tukunya, matsi ne ya riƙe shi haka, in ya fito sai ya koma iska. Warin da muke ji ma zuba masa aka yi da gangan don hanci ya yi mana gargaɗi. Wannan ya isa bayani, mu koma kan dutse.

Tsakanin bakin tukunya da kan da ake maƙalawa, wanda muke kira regileta, akwai wata 'yar roba zagayayya, ba ta wuce zoben yatsa ba. Ita ce mai gadin ƙofa. Zafi da yawan cirewa da mayarwa suna busar da ita, ta tsage ko ta lotse, wani lokaci ma ta faɗi a wurin cika gas ba a lura ba. Ko kuma maƙallin regiletar ne ya saki saboda tsufa. To sai huci ya fara. Me dutse ke yi? Yana danna kan ƙasa, ƙofar da iskar ke bi ta ƙuntata, ƙarar ta ragu har kunne ya daina ji. Kunne ne ya huta, amma tsagar da ke jikin robar tana nan inda take. Nauyin kuma ba ya sauka daidai, gefe guda yake karkata kan, kullum yana ƙara cinye abin da ya rage na robar da maƙallin. Yau rabin bulo, wata mai zuwa sai an nemo cikakke. Sannan wa ya ɗaure dutsen? Yaro mai rarrafe zai iya ture shi, kyanwa za ta iya, ragon layya da aka ɗaure a tsakar gida ma zai iya, kuma ba sai da rana ba.

Masu cewa "ai da yana fita da mun ji wari" su sani hanci yana sabawa. Wanda ya wuni kusa da wari yakan daina jin sa, shi ya sa baƙo ne yake shigowa ya ce gidan nan gas na tashi, masu gida su ce ina. Ga kuma abin da ya fi tayar mini da hankali: wannan iska ta fi iskar da muke shaƙa nauyi. Ba sama take yi kamar hayaƙi ba, ƙasa take bi kamar ruwa. Ta bi ƙarƙashin ƙofa, ta kwanta ƙarƙashin gado, ta sauka cikin kwata, ta taru daidai inda yara ke kwance a tabarma. Lita ɗaya ta ruwan tana komawa iska kimanin lita 250, kuma in ta kai wajen kashi biyu cikin ɗari na iskar ɗaki ta isa kamawa. Ba sai an ƙyasta ashana ba. Maɓallin ƙwan lantarki ya isa, firij in ya tashi ya isa, maganin sauro mai ci a lungu ya isa, balle kurfotin maƙwabciya. Galibin abin da ake kira "tukunya ta fashe" ba ƙarfen ne ya fara ba, ɗakin ne ya cika da iska ya tashi gaba ɗaya.

Shekara guda ba abin da ya faru? Baranda ce a buɗe, iskar Allah ce take kwashewa. Ranar da ruwan sama ya sa aka ja tukunyar ciki aka rufe taga, lissafin ya canja. Allah ne mai tsarewa, babu shakka, amma shi ne kuma ya ba mu hankali, kuma ran jikokin da ke barci a ɗakin maƙwabta ba namu ba ne da za mu yi caca da shi. A gidan haya na Zango, inda iyalai goma ke raba tsakar gida ɗaya, gangancin mutum ɗaya na kowa ne. Lungunanmu na Nima kuwa kowa ya san su, akwai inda baro ma da ƙyar yake wucewa, ina ga motar kashe gobara.

Abin haushin shi ne robar nan ba ta kai kuɗin kwanon shinkafa da wake ba. A nan ne lissafin talauci yake ruɗe mu. Mun san gas ya yi tsada. Tun da aka janye tallafi a 2013, bayan direbobin tasi sun mayar da motocinsu masu shan gas, farashin yake bin dala da kasuwar duniya, ana sake duba shi sau biyu a wata. Matatar Atuabo tana ba da wani kaso, sauran ta ruwa ake shigo da shi. Shi ya sa da yawanmu ba ma cika tukunya, sai dai "a zuba mini na sidi kaza". To wanda yake ƙirga kowane kilo haka, ya yarda wani kaso ya riƙa zurarewa dare da rana ƙarƙashin dutse? Kuɗinki ne, Mma, yake bin kwata. Daga baya a ce masu cikawa sun yi ƙwange. Akwai masu ƙwangen, amma maganinsu sikeli ne: nauyin tukunya ba komai a ciki yana nan a buge a jikinta, a auna kafin a zuba, a auna bayan an zuba. Girgiza tukunya a kunne ba awo ba ne.

Wani ɗan'uwanmu da ke Amurka ya taɓa ba ni labarin sayen gida a can wajen gari, inda ake ɗumama ɗakuna da tankin gas lokacin sanyi. Ya ce kafin a sa hannu sai an tambayi tankin na wa ne, na mai gida ko na kamfani, domin in na kamfani ne to shi kaɗai zai riƙa cika maka, a farashinsa. Mu a Accra ba mu da sanyin da zai sa mu ɗumama ɗaki, amma tambayar ta iso mu ta wata ƙofa. Bayan gobarar tashar gas ta Atomic Junction ta 7 ga Oktoba, 2017, wadda ta kashe mutum bakwai ta raunata fiye da ɗari, gwamnati ta amince da tsarin musayar tukunya: ka kai wadda ta ƙare, a ba ka cikakkiya da aka cika a masana'anta, gyara da sauya wadda ta lalace ya koma wuyan kamfani. Hukumar kula da man fetur, NPA, ta fara aiwatar da shi a Accra a 2023, tsofaffin tashoshin cikawa kuma suna nan suna aiki. Ko ta wace hanya ka bi, regileta da tiyo da murhu naka ne, ba wanda zai shigo gidanka ya duba maka su.

Saboda haka mai neman ɗaki ko mai sayen gida, bayan famfo da mita, ya tambayi inda tukunya za ta zauna. Wuri ake so a waje, mai inuwa, iska na wucewa, nesa da bakin kwata da murhun gawayi. In ana tsoron ɓarayi, maƙeri zai yi mata kejin ƙarfe a sa kwado, a huda bango tiyo ya shiga. A sa wannan cikin lissafin kuɗin tarewa tun farko, a yi maganarsa da mai gida kafin a miƙa kuɗi, don bayan an biya ba a jin kira. A leƙa barandar maƙwabta ma.

Duk lokacin da aka dawo daga cikawa, a leƙa bakin tukunya a ga robar tana nan lafiya. A kaɗa ruwan sabulu a shafa a wuya da bakin tiyo biyu, in kumfa na tasowa to yana fita. Na taɓa ganin mai gwadawa da ashana, ban tsaya ganin sakamako ba. Tiyo na gas ake saya, ba na ban ruwa ba, a ɗaure shi da maƙallin ƙarfe, ba da waya ko robar taya ba, in ya fara tauri ko ɓera ya taɓa shi a sauya. Regiletar da sai an danne ta, ta gama aiki. Tukunya a tsaye take zama, a gida ko a mota. Kada a kwantar da ita ko a tsoma ta a ruwan zafi wai don a tatse ragowar. In an gama girki a fara kashewa daga kan tukunya, sannan murhu. In kuwa an ji wari da dare, kada a taɓa maɓallin wuta ko na kunnawa ko na kashewa ne, a rufe kan, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da yara, a ce wa maƙwabta su kashe gawayinsu, a fita waje a kira 192 ko 112.



Ƙanwar mahaifiyata dai ta kama ɗakin. Washegari na koma da sabuwar regileta da robobi biyu na ba maƙwabciyar, na maƙala mata da hannuna, muka shafa sabulu tare, kumfa ko ɗaya bai tashi ba. Ta yi ta sa mini albarka. Da na juya zan fita sai na ga ta sunkuya ta ɗauki bulon. Na tsaya. Ta ce, "Kwantar da hankalinka, ɗana, ƙofa zan tokare da shi."