Suna Yana Miga, Mai Suna Yana Makaranta

Ran 11 ga watan Janairu na 2023, Shugaban Hukumar Zaɓe ta Ƙasa na wannan lokaci, Farfesa Mahmood Yakubu, ya bayyana wa jama'a littafin masu jefa ƙuri'a na Nijeriya duka, aka iske mutum 93,469,008 a cikinsa. Da aka kasa su bisa ga sana'a, sai ga ɗalibai sun sha gaban kowa, su 26,027,481, watau wajen 28 cikin 100. Manoma da masunta ne suka bi musu, ba su kai miliyan 15 ba, sa'an nan matan gida miliyan 13. Wanda ya ji wannan lissafi lalle ya zaci 'yan makaranta ne za su naɗa shugaba a wannan shekara. Amma da ranar zaɓe ta zo, ran 25 ga Fabrairu, duk waɗanda suka jefa ƙuri'a a ƙasar nan, tsoho da yaro, namiji da mace, ba su cika miliyan 25 ba. Watau jimillar masu jefa ƙuri'a ba ta kai adadin ɗalibai kaɗai da ke rubuce a littafi ba.

Ya kamata a riƙe adadin nan da hankali, kamar yadda attajiri yake riƙe tsohon littafin bashi. Littafin zaɓe na yanzu tun 2011 aka fara shi, ana ta ƙari a kansa, kuma abin da mutum ya ce shi ne sana'arsa ran da aka rubuta shi, shi ke zaune a gaban sunansa. Yaron da ya ce shi ɗalibi ne a 2011, yau yana iya zama magidanci mai rumfa a kasuwar Gujungu, da 'ya'ya huɗu, alhali a wurin hukuma bai bar aji ba. Ɗaliban jami'o'in ƙasar duka kimanin miliyan biyu ne. To, ko da an cire wannan, akwai saura mai yawa na samari da 'yan mata da suka yi rajista da niyya mai kyau, ranar zaɓe kuwa ba a gan su ba. An saba cewa lalaci ne ko rashin kula. Akwai wannan, ba a musu. Amma wanda ya dubi yadda al'amarin ya faru ga ɗan ƙasar Miga, zai ga wani dalili da ya fi wannan nauyi.

Miga ƙaramar hukuma ce a Jihar Jigawa, cikin Masarautar Dutse, a bakin fadamar Kogin Haɗeja. Mutanenta manoma ne da masunta da makiyaya, da damina shinkafa da gero da dawa, da rani kuma lambu da alkama a gefen ruwa. Yaron da ya gama sakandare a Miga, ko Hantsu, ko Sansani, ko Zareku, in yana son ƙarin ilmi sai ya ɗauki jakarsa ya bar gida. Wani ya nufi Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, wani Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa, wani Kwalejin Horon Malamai ta Gumel, wani makarantar koyon sana'a ta Binyaminu Usman a Haɗeja, wani kuma sai Kano ko Zariya. Ɗalibin Miga matafiyi ne, wata tara yana can, wata uku yana nan.

Ita kuwa ƙuri'a ba ta tafiya. Dokar Zaɓe ta 2022 ta yarda mutum ya yi rajista a inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko inda asalinsa yake, amma wuri ɗaya tak. In an rubuta shi, sai a ɗaure sunansa da rumfa guda, ba ya da ikon jefa ƙuri'a ko'ina sai a nan, kuma sai ya zo da kansa da katinsa, na'ura ta duba yatsansa ko fuskarsa. Ba wakilci, ba aike. Ran zaɓe kuma akan hana zirga-zirgar motoci, don haka wanda bai iso tun jajibere ba, ya makara. Malamai sun san irin wannan a babin shaida: akwai abin da ba a karɓa daga bakin wani, sai mai shi ya halarci majalisa.

Ga yadda abin ya kasance a zagayen da ya wuce. Hukuma ta buɗe rajista ran 28 ga Yuni 2021, ta rufe ran 31 ga Yuli 2022. A tsakiyar wannan, ran 14 ga Fabrairu 2022, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki, ba ta janye ba sai ran 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Ɗaliban jami'o'in da yajin ya shafa suka dawo gida, wasu suka koma gona, wasu suka zauna a bakin titi ba aikin fari ba na baƙi. A cikin wannan zama ne da yawansu suka je aka rubuta su, a garuruwan iyayensu. Sababbin da hukuma ta tabbatar a wannan rajista su 9,518,188 ne, fiye da kashi uku cikin huɗu samari ne da 'yan mata masu shekara 18 zuwa 34, kuma wajen 40 cikin 100 sun ce su ɗalibai ne. Wannan bai yi kama da aikin mutanen da ba su damu ba.

Sai dai tun a nan aka fara zubewa. Hukuma ta kawo sabuwar dabara, mutum ya fara rajista ta wayarsa a intanet, daga baya ya je ofis a ɗauki hotonsa da yatsunsa. Fiye da mutum miliyan goma suka fara ta wannan hanya, fiye da miliyan bakwai daga cikinsu ba su ƙarasa ba. Cika takarda a waya aikin 'yan mintoci ne, zuwa ofis kuwa wuni ne guda, wani lokaci biyu, cikin layi. A ƙasa irin ta Miga kuma watan Yuli tsakiyar damina ne, noma ya kankama, hanyoyin fadama sun fara cika, wanda ke ƙauyen ƙetare sai ya auna tsakanin kuɗin babur da kuɗin taki.

Bayan rufe rajista da 'yan makonni ruwa ya zo. Ambaliyar 2022 tana cikin mafi muni da aka gani a Jigawa, a watannin Agusta da Satumba, kuma Miga na cikin ƙananan hukumomin da ta taɓa, tare da maƙwabtanta irin su Jahun da Auyo da Kafin Hausa. Gidan ƙasa in ya faɗi, da abin da ke cikinsa yake faɗuwa, har da takardun makaranta da katin zaɓe na waɗanda suka daɗe da karɓa. Doka ta ce wanda katinsa ya ɓace ko ya lalace ya je da kansa ya nemi wani, kwana 90 kafin zaɓe. Mutumin da ke kwana a ajin firamare da iyalinsa, yana tunanin abin da za a ci, ba kati ne farkon abin da ke ransa ba.

Sa'an nan aka zo kan karɓar sababbin katuna. An fara rabawa ran 12 ga Disamba 2022, aka yi ta ƙara wa'adi har ran 5 ga Fabrairu 2023. To, a daidai wannan lokaci jami'o'i sun buɗe, ana ta gaggawar cike gurbin wata takwas da aka yi hasara, lacca safe da yamma, jarrabawa na bisa kai. Kati yana ofishin hukuma a Miga, mai shi yana Dutse ko Kano, kuma an hana uba ya karɓar wa ɗa, ko wa ya karɓar wa ƙane. Hanin yana da hujja, gama an sha ganin 'yan siyasa suna tara katunan mutane a aljihu, amma nauyinsa a kan matafiyi ya faɗa. Majalisar Wakilai ta yi kira a ba ɗalibai hutu. Daga bisani Ministan Ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umurni ta hannun Hukumar Jami'o'i a rufe su daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris, dalilin da aka bayar kuwa shi ne tsaron lafiyar ɗalibai da ma'aikata. Hutun ya zo bayan an rufe rabon kati da kwana 17. Wanda bai karɓa ba ya dawo gida, ya tsaya a gefen rumfa yana kallo.

Attajirai ba sa bukatar a tuna musu da abin da ya faru da kuɗi a wannan wata. An canja takardun Naira, tsofaffi aka ce sun daina aiki, sababbi ba a same su ba, ga kuma ƙarancin man fetur. Direba a tasha yana cewa sai kuɗi hannu, ɗalibi kuwa kuɗinsa na cikin banki ba ya fita. Tafiyar da ba ta wuce rabin wuni ba ta zama abin shawara.

Duk da haka Jigawa ba ta ji kunya ba. Cikin mutum 2,351,298 da ke littafinta, kimanin 40 cikin 100 sun fito zaɓen shugaban ƙasa, alhali a ƙasa duka wajen 27 ne. Zaɓen gwamna, wanda aka ɗage daga 11 ga Maris zuwa 18, ya fi wannan jama'a: Malam Umar Namadi ya sami ƙuri'a 618,449, Mustapha Sule Lamiɗo 368,726, Aminu Ibrahim Ringim 37,156, jimilla ta haura miliyan guda. Mutane sun fi fitowa ga wanda suke ganin hannunsa zai kai ga hanyarsu da asibitinsu da jingar da za ta tare musu ruwa. Ɗalibi ma yana da nasa a nan, gama kuɗin tallafin karatu da kuɗin makarantun jiha a Dutse ake yanke su.

Dattawa za su tuna ba haka aka faro ba. A zaɓen tarayya na 12 ga Disamba 1959, sa'ad da Miga take ƙarƙashin En'en Kano, maza ne kaɗai suke jefa ƙuri'a a Arewa, kuma sai wanda ya cika shekara 21. Kowane ɗan takara da akwatinsa, NPC da alamar fartanya, NEPU da tauraro, mutum ya shiga ɗaki shi kaɗai ya saka takardarsa inda ya so. A ƙasa duka wajen 80 cikin 100 na waɗanda aka rubuta sun fito. Ba a maganar ƙuri'ar ɗalibai a lokacin, domin babu jami'a ko ɗaya a Arewa sai da aka buɗe ta Ahmadu Bello a 1962, 'yan kwaleji kuwa ƙalilan ne, yawancinsu shekarunsu ba su kai ba. Tsarin mulki na 1979 ne ya tsayar da shekara 18 ga kowa, maza da mata. A 2018 kuma aka rage shekarun tsayawa takarar Majalisar Wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. An buɗe wa yara ƙofa, amma tsarin rumfa ya zauna kamar yadda aka yi shi don mutanen da aka haifa a gari guda, suke kuma noma da tsufa a cikinsa.

Kada malamai su ɗauka maganar 'yan boko ce kaɗai. Manyan zaɓuɓɓuka na 2015 da 2019 da 2023 duk da rani aka yi su, tsakanin Fabrairu da Afrilu, daidai lokacin da gardawa suke gabas neman karatu, 'yan ci-rani suke Kano ko Legas ko Fatakwal, fatake kuma suke kan hanya da kaya. Gardi mai shekara ashirin da ke tsangaya a Maiduguri, haƙƙinsa daidai yake da na ɗan jami'a, matsalarsa ma iri ɗaya ce, sai dai shi ba wata hukuma da za ta rufe makaranta dominsa. Malaminsa ne kaɗai zai iya cewa ya je gida ya dawo.

Akwai hanyar da Dokar Zaɓe ta 2022 ta tanada, watau mutum ya nemi a mayar da sunansa inda yake zaune, kafin kwana 90 na ƙarshe. Da yawa ba su san ta ba, sai su sake sabuwar rajista, wanda kuwa a waccan doka laifi ne mai tarar da za ta iya kai Naira 100,000, ko ɗaurin da zai iya kai shekara guda. A rajistar da aka rufe a 2022 hukuma ta soke sunaye 2,780,756, saboda maimaici da ƙarancin shekaru da makamantansu. Amma mayar da suna ma ciniki ne, akwai riba akwai faɗuwa. Ɗan Miga da ya mayar da sunansa Dutse zai zaɓi shugaban ƙasa da gwamna da sanata kamar dā, domin Miga da Dutse mazaɓar dattawa ɗaya suke, amma ya rabu da wakilin Jahun da Miga a Abuja, da ɗan majalisar jiha na Miga, da shugaban ƙaramar hukuma da kansilansa. In Kafin Hausa ko Haɗeja ko Gumel ya kai shi, har sanatan ya canja. In Kano ko Zariya ne, ba abin da ya rage masa na gida, gwamnan wata jiha zai zaɓa, kuma ran da ya gama karatu sai ya sake neman a dawo da shi.

Hukuma ta sake buɗe rajista a watan Agusta na 2025 domin zaɓen 2027, ta intanet ran 18, a ofisoshinta ran 25. A irin wannan zama ne ake rubuta wanda ya cika shekara 18, a mayar da sunan wanda ya ƙaura, a gyara kuskure, a kuma nemi madadin katin da ruwa ya ci. Yaron da aka haifa a Miga a farkon 2008 ya isa jefa ƙuri'a a wannan zaɓe, kuma yawancin sa'o'insa da suka ci gaba da karatu za su kasance a shekararsu ta fari ko ta biyu a makarantun da ke wajen ƙasar Miga.