Wa Zai Cike Ramukan Bakin Challawa?

A ƙarshen damina na je gaishe da kawuna a ƙauyenmu da ke bakin kogin Challawa. Bayan mun gaisa sai ya ce in biyo shi fadama. Wurin da na taso na ga ana noman albasa da tumatir da rani, yanzu ya zama wawakeken rami mai kwantaccen ruwa. Tifofi na shiga suna fita, samari na loda yashi da tsakuwa da shebur. Kawu ya nuna mini tsohuwar iyakar gonarsa, ya ce, "Ɗana, ni ban sayar ba. Maƙwabcina ne ya sayar da tasa, da aka haƙe sai gaɓa ta rufta da rabin tawa."

Koken mutanen wurin bai tsaya ga gona ba. Idan aka kwashe yashin kogi ya yi zurfi, ruwan ƙarƙashin ƙasa ma sai ya bi shi ya sauka, rijiyoyin lambu su ƙafe tun rani bai yi nisa ba. Ga sauro, ga fargabar iyaye kan yaran da ke zuwa wanka a ramukan da ba wanda ya san zurfinsu.

Masu haƙa kan ce kogi zai mayar da abin da aka ɗiba. A da gaskiya ne, domin ambaliyar kowace damina kan kawo sabon yashi. Amma tun da aka kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, da ta Challawa a yankin Ƙaraye a 1992, yawancin yashin a bayan madatsun yake kwanciya. Ke nan uwar kuɗi muke ci, ba riba ba.

Kuma mai karatu ya sani, ba doka muka rasa ba. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniya da jama'ar wurin kafin ya fara aiki, ya kuma gyara ƙasar idan ya gama. Tun 1992 akwai dokar auna illar manyan ayyuka ga muhalli. Matsalar ita ce lasisi na hannun gwamnatin tarayya, ƙasa na hannun gwamna bisa dokar 1978, manomi kuwa dagacinsa kawai ya sani. A wannan tsakanin ne rami ke zama maraya.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma'aikata da 'yan kasuwa da ke gine-gine a Kano, mu ne masu sayen yashin nan, kuma ba mu taɓa tambayar direban tifa daga ina ya ɗebo ba. Kakanninmu sun haƙi ƙasar gina gidaje da ganuwa suka bar mana kududdufai a cikin birni. Mu kuma ga gadon da muke shirya wa 'ya'yan manoma.

Ba na kiran a hana sana'ar, domin dubun gidaje na ci daga shebur, gini kuma ba ya yiwuwa sai da yashi. Roƙona shi ne hukuma ta shata tazarar da ba za a haƙa ba daga gaɓar kogi da ƙafafun gadoji. Duk mai haƙa ya ajiye kuɗin cike rami kafin tifar farko ta tashi. A tara ƙasar sama gefe guda, a mayar da ita bayan aiki. Ramin da ya fi ƙarfin cikewa a killace shi a zuba kifi. Yarjejeniya kuma a rubuta ta a gaban dagaci, da sa hannun maƙwabtan gona.

Da zan tafi, kawu ya ce, "Ku da kuka yi boko, wa zan kai wa ƙara?" Na yi shiru. Allah Ya sa masu iko su ba shi amsa kafin ragowar gonar ta bi ruwa.